Martani: Korar 'Yan Wasa Duk Shekara Ita Ce Cutar Katsina United

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa mai kishin Katsina United ya yi bayan an rufe kakar 2024/25, inda ya zayyana abin da yake gani shi ne hanyar ceto ƙungiyar. Ba na shakkar kishinsa, don wanda bai damu da ƙungiya ba ba zai hana idonsa barci yana rubutu a kanta ba. Sai dai kishi daban, dabara daban. Shawarar da ya kawo, in aka bi ta sau da ƙafa, ita ce za ta sake kai mu ramin da muka faɗa a 2022.

Bari in faɗi matsayinsa yadda shi kansa zai yarda ban rage masa komai ba. Yana ganin ƙungiyar ta daɗe tana tangal-tangal: ta faɗi daga gasar Firimiyar Najeriya a 2022, ta dawo a 2023, daga nan kuma ba kofi, ba gurbin zuwa wasannin Afirka, sai fafutukar tsira. Dalili a wurinsa shi ne 'yan wasan ba su kai ba, kuma an cusa 'yan alfarma da sunan 'yan gida. Saboda haka a wannan hutu a sallami kusan kowa, a sayo gogaggu daga manyan ƙungiyoyin kudu da ƙasashen maƙwabta. A kawo koci mai suna, a gindaya masa wa'adi, in ya yi wasa kaza bai ci ba ya tattara nasa ya nasa. Gwamnati ta ninka kuɗin da take bayarwa. 'Yan kallo kuma su dawo da zafin da zai sa baƙo ya ji gabansa na faɗuwa tun daga ƙofar filin wasa na Karkanda. Da ya gama da waɗannan sai ya juyo kanmu, mutanen Funtuwa da Malumfashi da sauran Karaduwa, ya ce ba mu da bakin magana tunda ba a ganinmu a fili, mun ƙare a gidajen kallo muna cacar baki kan Madrid da Barcelona.

A kan cewa an samu koma baya, ba ni da ja. Hasali ma ya rage wa ciwon shekaru. Wannan ƙungiya ce ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale sau uku a jere, a 1995 da 1996 da 1997, duk da cewa Shooting Stars da Julius Berger da Eagle Cement sun hana ta ɗaga kofin. Daga baya ta dusashe, ta yi shekaru a ƙasa da sunan Spotlights, sai a 2016 ta sake hawowa. Wato ba jiya muka fara ganin hawa da gangara ba. A tsawon wannan lokaci an sauya suna, an sauya shugabanni, an samu katafaren fili na Muhammadu Dikko, an sauya masu horarwa har mutum ya gaji da lissafi. Abdullahi Biffo ya zo ya tafi, Henry Makinwa ya zo ya tafi, haka Usman Abdallah, haka Tony Bolus. 'Yan wasa kuwa, duk mai bin ƙungiyar ya san sau nawa ya shiga sabuwar kaka yana tambayar na kusa da shi, wane ne wancan mai lamba tara? To, Malam, abin da kake kira sabon magani ai shi muke sha tun tuni. In da kora tana warkar da ƙungiya, da yanzu mun fi kowa lafiya.

Mu fara da kasuwar da kake son a je. Su wa ke cikinta? Ɗan wasan da ya haskaka a Enyimba ko Rangers ko Rivers United, idonsa na kan Masar da Tunisiya da Tanzaniya, ko wata ƙaramar gasa a Turai inda za a biya shi da kuɗin waje. In bai samu fita ba, ƙungiyarsa za ta riƙe shi, ko wadda za ta buga wasan Afirka ta ɗauke shi. Wanda ya rage a kasuwa har ya iso hannunmu, galibi shi ne wanda wata ƙungiyar ta sallama, bisa shawarar wani mai kishi irinka da ke can garinsu. Mu share namu, su share nasu, mu haɗu a yi musaya, kowa ya koma gida yana murnar ya yi sabon zubi. Bayan wata tara a sake haɗuwa. Wannan shi ne gyaran?

Ko da an dace an samu nagari, akwai abin da kuɗi ba ya saye, wato sabo. Mai tsaron raga yana buƙatar sanin wane ɗan baya ne ke fita da ka, wane ne ke jinkiri. Ɗan tsakiya yana buƙatar sanin ɗan gabansa ƙafa yake so a ba shi ko a jefa masa gaba ya bi da gudu. Ba a koyon wannan a atisayen mako huɗu. Hutun gasar kuwa bai wuce wata uku ba, kuma rabinsa kan tafi wajen jiran a saki kuɗi da ciniki da rajista. Ƙungiya ashirin ke gasar, wasa 38, huɗu na ƙasa su faɗi, kuma duk mai duba teburin gasarmu ya san tazarar da ke tsakanin na tsakiya da mai faɗuwa sau da yawa maki ƙalilan ce. Ƙungiyar da ta ɓata wasa goma na farko 'yan wasanta na koyon sunayen juna ta riga ta ci bashin da za ta yi ta biya har watan Mayu.

Mu a wannan yanki mun san bambancin gonar gado da gonar haya. Wanda ya karɓi gona ta damina ɗaya a Bakori ko Kafur ba zai ɗauki amalanke yana kai mata takin shanu ba, don amfanin wannan taki sai baɗi da baɗin baɗaɗa, lokacin da gonar ta koma hannun wani. Zai watsa na zamani daidai abin da zai fitar masa da masararsa, ya tatse ƙasar, ya kama gabansa. Ba mugu ba ne, lissafi ya yi. Haka ɗan wasan da aka ba kwantiragin kaka ɗaya, wanda ya san ko ya yi kyau ko bai yi ba tsintsiya na jiransa a watan Yuni. Don me zai sa ƙafarsa inda za a karya ta saboda maki ɗaya a Uyo? Don me zai tsaya bayan atisaye ya koya wa yaro yadda ake tare ɗan gaba? Tun daga zagaye na biyu wayarsa ke kunne, yana neman inda zai sauka. Sannan mu zo mu ce ba shi da kishi. Da me muka saye kishin nasa?

Sai batun koci mai suna. A nan ba sai mun yi dogon musu ba, kakar 2024/25 ta riga ta ba da amsa. Heartland ta Owerri, wadda muka faɗi tare a 2022 muka kuma hawo tare a 2023, ta ɗauko Emmanuel Amuneke a 2024. Wane suna ya fi wannan? Gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1994, wanda ya ci ƙwallon da ta ba Najeriya zinare a Atlanta a 1996, wanda ya ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, wanda ya kai Tanzaniya gasar Afirka ta 2019. Heartland ta faɗi a 2025. Ba don Amuneke bai san ƙwallo ba. Suna ba ya tsayawa a baya ya tare ƙwallo, kuma ba ya gyara gidan da aka shekara ana rushewa.

Dubi waɗanda suka ci kofin. Rivers United ta ɗauki gasar a 2022, shekarar da muka faɗi, a hannun Stanley Eguma, wanda ke riƙe da ita tun da aka haɗe Dolphins da Sharks a 2016. Shekara shida ana haƙuri da shi. Da a ƙarƙashin dokarka yake aiki, da an kore shi sau nawa kafin ya kai ga kofin? Za ka ce Ribas jiha ce mai mai, kuɗi ne ya yi aiki. To, ga Remo Stars ta Ikenne, garin da bai kai Funtuwa girma ba. Ta hau Firimiya ta faɗi, ta sake hawa ta sake faɗi a 2019. Mai ita, Kunle Soname, bai rushe ta ba. Ya gina fili, ya riƙe makarantar horas da yara ta Beyond Limits, ƙungiyar ta dawo a 2021. Ta yi ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, ta ɗauki kofin a 2025 a hannun Daniel Ogunmodede, mutumin da ya taso a cikin gidan, wanda kafin nan 'yan gidan kallonmu ba su san sunansa ba. Ka lura da jerin: uku, biyu, biyu, ɗaya. Sau biyu a jere yana zuwa na biyu ba a ce masa ya gaza ba.

Wa'adin da kake so a gindaya kuwa, ka tsaya ka yi tunanin abin da yake yi wa koci. Mutumin da aka ce masa wasa uku ko ka ci ko ka tafi ba zai taɓa saka yaro ɗan shekara sha takwas ba, ko da ya fi kowa a atisaye, don yaro na iya kuskure ɗaya ya tafi da abincinsa. Ba zai gwada sabon salo ba. Zai tara mutum goma a baya a wasan waje yana addu'ar canjaras, a gida kuma ya sa a yi ta cilla ƙwallo sama ana jiran fenareti. In an kore shi, wanda ya gaje shi zai ce waɗannan ba 'yan wasana ba ne, a kawo mini nawa. Sai a sake buɗe kasuwa a tsakiyar kaka. Wa'adi ba ya haifar da nasara, tsoro yake haifarwa, kuma mun ga irin ƙwallon da matsoraci ke bugawa.

Kuɗi fa? Ba wanda ya ce ana riƙe ƙungiya da fatar baki. Tambayar ita ce a ina za a zuba su. Daga Katsina zuwa Fatakwal ko Uyo ko Aba tafiya ce ta fiye da kilomita dubu, kuma ƙungiyoyin gasarmu galibi a mota suke yin ta. Ɗan wasan da ya kwana ya wuni a zaune a kujerar bas, ya sauka ƙafa a kumbure, ya kwana a masaukin da ba wuta, ko Messi ne sai an ci shi. Albashi a kan kari, alawus ɗin wasa kafin gumi ya bushe, likita da mai gyaran tsoka na ƙwarai, abinci mai kyau, isa garin da za a buga wasa da wuri: waɗannan ba sa fitowa a hoto, ba a kiran 'yan jarida a yi bikinsu, amma su ke kawo makin waje da ke raba mai tsira da mai faɗuwa. Rashin biyan haƙƙin 'yan wasa tsohuwar cuta ce a ƙwallon Najeriya baki ɗaya, kuma duk ƙungiyar da ta yi suna wajen biya a kan lokaci ba ta wahalar samun nagari, su ke nemanta.

Akwai kuma tambayar da rubutunka ya tsallake. Wa ke cin ribar shara? Duk ɗan wasan da aka sayo akwai kuɗin sa hannu, akwai dillali, akwai la'ada. Wanda aka riƙe aka sabunta masa kwantiragi ba ya kawo wa kowa komai sai ƙungiya. Ban ce wane ya ci ba, ban kuma nuna kowa da yatsa ba. Na ce dai tsarin da ke sayen mutum ashirin duk shekara tsari ne mai ƙofofi ashirin, kuma kuɗin da ke bi ta ƙofofin nan na jama'ar jiha ne, har da manomin Ɗanja da ke lissafin buhun taki nawa zai iya saye bana. Kafin a ce gwamnati ta ninka, ai sai a fara gaya mana abin da aka yi da na farko. Jihar da ke fama da tsaro da makarantu da asibitoci ba ta da rarar da za ta riƙa zubawa a rijiyar da ba a leƙa ƙasanta ba.

Tunda ka yi mana gorin gidan kallo, bari mu ba ka abin da muka koyo a can. Mun ga Chelsea bayan an sayar da ita a 2022, ta zuba ɗaruruwan miliyoyin fam wajen sayen 'yan wasa har ɗakin sauya kaya ya yi musu kaɗan, ta sauya koci bayan koci, ta ƙare ta 12 a 2023. Mun ga Manchester United, wadda tun tafiyar Alex Ferguson a 2013 take saye tana kora, ta ƙare ta 15 a 2025. Mun kuma ga Leicester ta ɗauki kofi a 2016 da Jamie Vardy da aka tsinto daga ƙananan ƙungiyoyi da Riyad Mahrez da aka sayo da araha daga rukuni na biyu a Faransa. In masu fam da dala sun gwada hanyarka ta kai su ƙasa, mu da nairarmu me muke tsammani?

Inda rubutunka ya fi ba ni tsoro shi ne kiran a dawo da zafi a fili. Ka yi amfani da kalmomi masu laushi, amma duk wanda ya taɓa zama a kan benci a filayenmu ya san abin da zafi ke nufi: jifa, zagin alƙali, tare ƙofa, farfasa mota. Mu ne ya kamata mu fi kowa sanin ƙarshen wannan, don a kanmu aka yi. A Afrilun 2022, a filin Sani Abacha, aka tashi wasanmu da Kano Pillars ba a ƙarasa ba, aka farfasa motar 'yan wasanmu. Hukumar gasar ta ci Pillars tarar miliyoyi, ta zaftare mata maki, ta kore ta daga Kano zuwa Abuja. A ƙarshen kakar, ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, wadda ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Afirka a 2009, ta bi mu zuwa rukuni na biyu. Zafin magoya bayanta bai ƙara mata maki ko ɗaya ba, ɗebe mata ya yi. Wannan kake yi mana sha'awa? A rufe Karkanda, a tura mu wani gari muna wasan gida ba 'yan kallo, sannan mu zauna muna zargin alƙalai?

Na san za a ce ai Pillars ta yi kimanin shekara goma sha biyu ba a ci ta a gida ba, sai da Nasarawa United ta karya tarihin a 2015. Gaskiya ne. Amma ka tambayi Bakano su wa suka riƙe masa gidan, zai lissafo maka su ba tare da ya yi tunani ba, don sun daɗe har sun zama 'yan uwa: Rabi'u Ali, Gambo Muhammad da ire-irensu. Da su aka ɗauki kofi uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, koci ya sauya amma ƙashin bayan ƙungiyar na nan. Rabi'u Ali ya haura shekara arba'in yana ci wa Pillars ƙwallo. Da tsintsiyarka ta bi ta Kano shekara goma da suka wuce, da shi za a fara sharewa, a ce ya tsufa. Mu fa, wane ɗan wasa ne yaro a Malumfashi zai rubuta sunansa a bayan rigarsa, yana da tabbacin baɗi yana nan?

Yanzu batun 'yan gida. A nan akwai gaskiya a bakinka, kuma ba zan ɓoye ta ba. Alfarma tana kashe ƙungiya. Yaron da ya shigo da takardar wani babba, ba da ƙafarsa ba, ya tare wa mai iyawa wuri, ya kuma karya zuciyar sauran. Ba na kiran a raba riguna tsakanin ƙananan hukumomi 34 kamar ana rabon muƙami, kuma ɗan Abiya ko ɗan Kamaru da ya zo ya yi mana aiki tsakaninsa da Allah ɗan gida ne a wurina. Amma daga cewa alfarma ba ta da kyau zuwa cewa babu masu iyawa a jihar nan, akwai tsalle mai nisa, kuma ka yi shi ido rufe. Wa ya je ya duba?

Ƙananan hukumomi goma sha ɗaya ne a shiyyar Funtuwa: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Faskari, Sabuwa, Kafur, Malumfashi, Ƙanƙara, Musawa da Matazu. Babu garin da za ka shiga da la'asar ba ka ga ƙura na tashi a filin makarantar firamare ba. Zaidu Sanusi, wanda ya buga wa Porto wasan Zakarun Turai ya kuma buga wa Najeriya, daga Jega ya fito a jihar Kebbi, garin kasuwa da noma irin namu. Ba daga sama ya faɗo ba, wani ne ya gan shi ya buɗe masa hanya. Nawa irinsa suka ƙare a kan babur suna acaɓa a tashar Funtuwa, ko suna dakon buhu a kasuwar Ɗandume, don ba wanda ya zo?

Ga wani abu da mazaunin birni ba lalle ya lura da shi ba. Tun da aka daidaita kalandar gasar, hutu yana faɗowa ne tsakanin Yuni da Agusta. A nan wurinmu wannan shi ne tsakiyar damina: shuka, noman fari, zuba taki, maimai, feshi. Ƙungiyoyinmu kuma sun saba kiran gwajin 'yan wasa na 'yan kwanaki a babban birni a daidai wannan lokaci. Yaron da ubansa ke da masara da waken suya da auduga a gona ba zai ajiye fartanya ya nemi kuɗin mota da na kwana ya tafi Katsina ya shiga layin ɗaruruwan mutane don a kalle shi na minti ashirin ba. Ƙwallon wannan yanki tana tashi ne bayan kaka, in an kai amfani gida, aljihu ya ɗan yi nauyi, aka fara gasar unguwanni da ta garuruwa har zuwa bazara. A lokacin ne ya kamata mai farautar 'yan wasa ya zo ya zauna a bakin fili da littafinsa, ya ga yaro sau biyar, sau shida, a ranar da ya yi kyau da ranar da bai yi ba. Kuɗin da za a kashe a kan mutum biyu masu wannan aiki shekara guda bai kai kuɗin sa hannun gogagge ɗaya da zai zo ya yi jinya a benci ba.

Wannan kuma ba sadaka ba ce, kasuwanci ne. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, kashi biyar cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 da 23. Wato yaron da ka yi wa rajista yau yana iya ciyar da ƙungiya bayan shekara goma. Ɗan shekara talatin da ka ɗauko na kaka ɗaya ba zai taɓa kawo maka kwabo ba ranar da zai tafi. Gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa makarantar horas da 'yan ƙwallo a Katsina, kuma abin a yaba ne. Amma in babbar ƙungiya ta cika rigunanta da 'yan kasuwa duk shekara, ta wace ƙofa yaran makarantar za su shiga? Sai mu rena, wasu su ɗauka.

Saura gorin da ka yi mana. Ka ce ba a ganinmu a fili. Malam, ka taɓa lissafa abin da zuwa fili ke nufi ga mutumin Funtuwa? Tsakaninmu da Katsina kusan kilomita ɗari biyu ne. Zariya ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba. Ana take wasa da ƙarfe huɗu, a tashi gab da magariba, sannan mutum ya kamo hanya cikin dare, a yankin da kowa ya san halin da hanyoyinsa ke ciki, yankin da aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020. Ga kuɗin mota tun bayan cire tallafin mai a 2023. Wanda ke taka ƙafa daga Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya ya isa fili bai kamata ya auna kishinsa da na wanda sai ya sayar da kwanon masara da yawa ya kuma yi sallama da iyali ba. Duk da haka akwai masu zuwa, kuma waɗanda ba su zo ba suna manne da rediyo da waya har a busa tashi.

Ka juya tambayar mana. Sau nawa ƙungiyar ta zo wurinmu? Me zai hana a yi wani ɓangare na shirin kaka a Funtuwa, a buga wasan sada zumunci da zaɓaɓɓun Malumfashi, yara su ga 'yan wasan ido da ido? Mutanen da ke biyan kuɗi duk Asabar da Lahadi su zauna a kan benci cikin zafi da ƙarar janareta don kallon ƙwallo ba mutanen da ba su damu da ƙwallo ba ne. Kasuwa ce a buɗe da ba a kai mata kaya ba. Sun san Madrid ne don Madrid tana zuwa musu har gida sau biyu a mako, da fuskokin da suka sani shekara da shekaru. Sunan ƙungiyar nan Katsina United, ba ƙungiyar cikin ganuwa ba, da kuɗin jiha duka ake riƙe ta, kuma in ana tuna baya, gwamnan da ta dawo Firimiya a zamaninsa a 2016, Aminu Bello Masari, ɗan Kafur ne. Bakin magana kam muna da shi.

Abin da nake kira a yi a wannan hutu ba shi da armashin da naka ke da shi, ba kuma zai sa a yi ta tafi a dandalin sada zumunta ba. A zauna da koci a ware 'yan wasan da suka ɗauki nauyin ƙungiyar a kakar da ta wuce, a ba su kwantiragin shekara biyu ko uku tun kafin wasu su zo zawarcinsu. A sallami wanda ya gaza da wanda alfarma ta kawo, a biya su haƙƙinsu su tafi da mutunci. A sayo kaɗan, a guraben da kowa ya ga ɓaraka, bayan an bincika lafiyarsu da shekarunsu. Kocin da aka amince da shi a ba shi kaka biyu cur, a auna shi a ƙarshe, ba bayan wasa uku ba. A bar gurabe a fili ga yaran da aka reno, kuma a fito da lissafin kuɗi jama'a su gani.

Ga shugabannin ƙungiya: masu ba ku shawarar shara za su yi yawa a 'yan makonnin nan, wasu da kishi, wasu da 'yan wasa a aljihu. Kada ku saurare su. Kai kuma ɗan'uwa marubuci, in an kai amfani gida an fara gasar rani, ka zo Funtuwa ko Malumfashi ka zauna a bakin fili na mako guda, masaukinka da tuwonka a wuyanmu. In ka gama kallo, sai ka sake rubuta mana ko akwai 'yan ƙwallo a jihar Katsina ko babu.